Zaren da Nomau Ya Kwance

Ina suke tafiya idan an kashe injin? Tun ranar da Malam, maigidana, ya fara nuna mini su nake yi masa wannan tambaya, har ya koma ga Ubangijinsa ban samu amsar da ta zauna mini ba. Akwati ne guda na ƙarfe, wanda kuke kira sarba, mutum biyu suna ɗaga shi. Amma ya ce a cikinsa akwai kwamfutoci da yawa, kowace da aikinta, kowace tana zaton ita kaɗai ce a duniya. Na buɗe irin akwatin nan da hannuna, na hure ƙurarsa, na leƙa kowane lungu, ban ga ko ɗaya ba. Ku mashin birtuwal kuke ce musu. Mu a shagonmu 'yan haya muke ce musu, domin akwatin gida ne, su kuwa suna zaune a ɗakunansa ba su mallaki ko ƙusa ba. In na tambaye shi sai ya ce, "Suna nan, Shef, barci suke." In ce, "A ina suke barcin?" Sai ya yi dariya ya ce in miƙo masa turnabis, abin kwance ƙusa.

Ni ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, jikata ce take rubuta abin da nake faɗa. Ina faɗa ina share hawaye, kada wannan ya dame ku. Tun rasuwarsa haka idona yake. Labarin kansa na dariya ne.

Ku samarin da kuka karɓi shagon nake yi wa magana. Ran nan ina zaune a soro na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai gyaran sarba ba wani abu ba ne, ka cire abin da ya ƙone, ka sa sabo, ka kunna. Ɗana, cirewa da sawa ai ko ni tsohuwa ina yi. Aikin yana farawa ne bayan ka kunna. Fanka tana juyawa, fitilu sun yi kore, mai kaya ya fara washe baki yana laluben aljihu, sannan 'yan haya su ƙi tashi. A nan ake gane wanda ya iya.

Malam da rediyo ya fara, shi ya sa har ya mutu mutanen unguwa Mai Rediyo suke kiransa. Daga rediyo sai talabijin, daga nan sai kwamfuta, lokacin da gidajen intanet suka cika Maraɗi. Ya yi firamare, yana karanta Faransanci, kuma ba ya jin kunyar tambaya. Wani baƙo da ya zo aiki daga bakin teku ya zauna haya kusa da mu, shi ya fara nuna masa sarba. Malam da furfurarsa yake ɗaukar wa yaron nan jaka, yana bin sa biro-biro, wato ofis-ofis. Mutane suka yi ta dariya. Da baƙon ya tashi, duk wanda sarbarsa ta tsaya a garin nan ƙofarmu yake bugawa.

Ni kuwa fura ce ta shigar da ni sana'ar. Shagon a soron gidanmu yake. Wata rana na kawo masa fura na tarar yaron shagonsa ya gudu ya koma sayar da man fetur a kwalba, shi kuma ya zare wayoyin bayan wani inji ya tsaya yana kallonsu kamar mai kallon taliya. Dukansu toka-toka ne, ramukansu kuma iri ɗaya. Na ce, "Kafin ka zare, me ya hana ka yi musu alama?" Ya ce yana liƙa takarda, zafi ne yake ɓamɓare ta. A lokacin ina ɗinkin hula, zare ba ya rabuwa da gefen zanena. Na ce ya kawo na gaba in gwada. Na ɗaura ja a wuyan waya, na ɗaura ja a ƙarfen da ke saman raminta. Kore da kore, shuɗi da shuɗi. Da ya gama gyara ya mayar da su ko tsayawa tunani bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Daga yau ke ce shef, ni yaron shago." Sunan ya bi ni har yau. In kuwa na ɓata masa rai, sai in koma Bagobira, don ni 'yar Tsibiri ce, ga zanen a fuskata.

Zaren fari nake saye, mai arha, in rina da galura a tsohuwar tukunya. Galurar tana zuba. Ba farar rigar Malam da ba ta da tabon ja ko kore a bakin aljihu. Kullum yana mita: "Bagobira, ki sayi zaren kanti mana, kin mayar da ni bakan gizo." Ni kuwa in ce na kanti santsi gare shi, ƙullinsa ba ya zama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Turnabis babba da ƙarami, buroshin fenti mai laushi, 'yar roba ta hura iska, tocila, da faranti mai ramuka irin na suyar masa, inda nake jera ƙusoshi bisa yadda aka kwance su. Kafin ya taɓa cikin inji sai ya dafa ƙarfen taga, ni ma ya sa in dafa, ya ce akwai wata wuta a jikin mutum da ba a ji, tana kashe kaya. Kuma ba a gyara da yunwa. Wannan dokata ce, ba tasa ba.

Na tuna wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a Tsibiri. An canza musu katmer, wato babban farantin nan kore da komai na injin yake hawa kansa, sai 'yan haya suka ƙi buɗe wa kowa. Malamai sun taru, kowa da shawararsa, wani ma ya ce a goge komai a sake. Malam kuwa ya shiga can ƙasa inda ake gyara saitin farantin, ya duba agogo. Sabon faranti ya zo da tsohuwar shekara a kansa, tun kafin a gina makarantar. Ya ce mini, "Kin ga, kamar mutum ne ya farka ya ga takardunsa duk na gobe ne, ai ba zai yarda da su ba." Ya gyara agogo, ya canza 'yar batir mai kama da kwabo. A wurin nan kuma akwai wata ƙofa da masu ƙera faranti suke yawan turo ta a kulle. In ba ka buɗe ta ba, gidan zai tashi lafiya lau amma ba ɗan hayar da zai iya shiga. Ya buɗe ta. Kafin shayi ya huce komai ya tashi. Tun daga ranar, duk inda muka je, da ya kunna sai in ce, "Agogo da ƙofa." Shi kuma ya ce, "An ji, Shef."

Sai muguwar shekara ta zo, wadda kuran, wato wutar lantarki, ya zama baƙo a garin nan, hanyar Kano kuma ta yi wuya. Wuta ta tafi yini guda, ta dawo da ƙarfi kamar an kore ta, ta ƙona kayan mutane. Za ku ce ai kasuwar mai gyara ta buɗe. Ina! Kayan gyara ba sa shigowa. A shekarar nan kuma idon Malam ya fara hazo. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, sai dai magani ya rage mata gudu. Manyan abubuwa yana gani, amma rubutun allo ya gagare shi, launi kuma duk ya zama toka. Bai ɓoye wa kowa ba. Masu kawo aiki suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, suna gaishe shi da ladabi suna wucewa. Ya riƙa zama a bakin soro da turnabis a hannu yana jujjuya shi. Abinci ma sai na yi da gaske yake ci. Na san mutumin nan, in aka raba shi da aiki an gama da shi.

Wanda bai gudu ba shi ne Mushe Yakubu, Mushe ɗin na Faransanci ne, kamar ka ce malam. Ɗan Tsibiri ne, Kirista, uwarsa ƙawata ce tun muna 'yan mata, shi ya sa Inna yake ce mini. Shi ke riƙe da biron wani Alhaji mai sayar wa manoman rani iri da taki a Jiratawa. Sarbarsu tana da 'yan haya uku: mai sunaye, wanda ya san kowane ma'aikaci yake buɗe masa, mai sito, wanda ya san kowane buhu, da mai saƙo, wanda ke aika wa manoma magana a waya. Kayan 'yan hayan nan ba a cikin gidan suke ba. Suna wani akwati dabam da muke kira rumbu, a ɗakin Alhaji mai sanyi, waya ce take haɗa su. Na sha ce wa Malam, "Kayansu na rumbu, na yarda. Su fa?" Sai ya ce, "Bagobira, ki bar ni in yi aiki."

Wuta ta ƙona musu katmer. Muka je, na ɗaure wayoyi huɗun da ke bayan injin da zarena, kowace da 'yar'uwarta a ƙarfe, muka zare su, muka cire farantin da ya ƙone. Sabo kuwa sai da aka yi ta jira, har lokacin dashe ya matso, manoma suka fara cika ƙofar sito ana rubuta musu da hannu ana rikicewa. Alhaji ya ƙosa. Ranar da farantin ya iso ya aiko cewa zai zo bayan la'asar. In ya tarar abin bai tashi ba, zai kira masu gyara daga Yamai, a bar wahalar da tsoho.

Da safen nan Malam yana sa hula ya ce mini, "Shef, in wanga aiki ya gagare ni, na rufe shago. Ba zan zama abin tausayi ba."

Na ce, "Ka sha kokonka tukuna."

Mushe Yakubu ya turo mana mota. Muka bi ta cikin garake, albasa da barkono sun yi kore shar, ga zafin bazara tun da hantsi. Muka shiga ɗakin, na zagaya bayan injin don in fara jera wayoyi. Sai na tsaya. Wayoyi huɗu suna reto, tsirara. Ƙarfen ma haka. Ko silin zare babu.

Na ce, "Yakubu, wa ya shigo ɗakin nan?"

"Ba kowa, Inna. Ni sai Baba Nomau mai gadi, shi ke shara."

Aka kira Nomau. Dogon tsoho ne mai ɗan gemu, ya shigo da sandarsa a hammata. Da ya gan ni sai ya ja baya ya tsaya a bakin ƙofa, yana motsa baki.

Malam ya ce, "Nomau, ina zaren da ke nan?"

"Na kwance."

"Don mi?"

"Don mi? Mai Rediyo, kai ma ka tambaya? Ina tsaye a tagar can na ga wagga tsohuwa tana ƙulla zare kala-kala tana magana ƙasa-ƙasa. Tun ranar akuyata ta yi ɓari. Gurup mai ba mu wuta ya ƙi tashi. Kunama ta harbe ni a wurin da ban iya faɗi gaban mata. Ni yaro ne?"

Na ce, "Kai Nomau, launi nake faɗa don kada in manta! Ja da ja, kore da kore!"

"Haka kuke cewa dukanku."

Mushe Yakubu ya dafe kai. Ya ce, "Baba, ni kullum ina shiga ɗakin nan, ban ga abin da zaren ya yi mini ba."

"Kai ai kana tahiya gida. Ni ke zama da shi."

"To ina zaren yake?"

"Na binne shi gindin dogonyaro, na kuma yi masa abin da ya dace."

Dariya ta kama Mushe Yakubu har ya jingina da bango. Ni ma ta taso mini, sai na dubi fuskar Malam, ta koma. Ko an tono zaren ba shi da amfani, tunda ba ya kan wayoyin.

Ga yadda matsalar take, ku saurara da kyau. Wayoyin nan huɗu duk sun shige cikin bututu ɗaya sun hau rufi. Ɗaya ta tafi rumbu, ɗaya biro, ɗaya sito, ɗaya waje. Da za a shiga ɗakin Alhaji, da sai a bi kowace a gane ta. Amma makullin yana aljihun Alhaji a Maraɗi, kuma ba wanda zai kira shi ya ce mun rikice tun ba mu fara ba. Bayan haka, sabon faranti yakan zo da sababbin sunaye na ramukansa, sai an sake gaya wa gidan cewa ramin da ka sani da suna kaza yanzu kaza ne. In wayoyi suna daidai, wannan ƙaramin aiki ne. In ba ka tabbata da wayoyi ba, duhu biyu ne ya haɗu: abu ya ƙi, ba ka san ko waya ce ba daidai ba ko suna.

Malam ya ce, "Bismillah. Mu fara da abin da muka sani."

Ya dafa ƙarfen taga, na dafa. Ya sa farantin da lalube, yatsunsa sun san hanya, ni ina ɗora masa ƙusa a bakin turnabis ina cewa dama kaɗan, hagu kaɗan. Aka tada gurup, ya kunna. Na ce, "Agogo da ƙofa." Bai ce an ji Shef ba, ya dai gyaɗa kai. Mushe Yakubu ya ja kujera kusa da shi yana karanta masa allo, shi kuma yana bugawa ba ya duban hannunsa. Agogo ya koma daidai. Ƙofa a kulle take, ya buɗe. Gida ya tashi. Aka taɓa mai sunaye. Mushe Yakubu ya karanta abin da ya fito, ya fassara mini: wai bai ga kayansa ba.

Muka soka wayoyin da ka. Ya ƙi. Muka sauya, Malam ya sauya sunaye, aka kashe aka kunna, injin nan kuwa kafin ya gama tashi ka dafa shayi. Ya ƙi. Muka sake. Aka kira azahar, muka yi salla muka dawo, ya ƙi. Nomau ya leƙo ya ce man gurup ya kusa ƙarewa, ya ƙara da cewa, "Na dai faɗa muku." Ba wanda ya kula shi.

Sai na ga Malam ya janye hannunsa daga kan maɓallai. Ya ɗauki turnabis ya sa a aljihu. Ya ce a hankali, "Yakubu, ka yi haƙuri, ka kira Alhaji. Shef, haɗa kaya."

Na zagaya bayan injin don kada su ga fuskata, na durƙusa kamar mai tattara ƙusoshi. Rana ta juya, haskenta ya shigo ta tagar da Nomau ya leƙe ni ya sauka kan wayoyin. Na kama ɗaya don in naɗe ta. A wuyanta, daidai inda ƙullina yake zama, na ga wani ɗan zobe ja-ja, kamar inda lalle ya fara gogewa. Na goge idona na kama ta biyu. Kore.

Na ƙwala kira, "Nomau! Zo nan!"

"Daga nan ma ina ji."

"Da za ka kwance zaren, da busasshen hannu ka taɓa shi?"

"Ni mahaukaci ne? Sai da na karɓo ruwan tofi wurin malamina. Kowane ƙulli sai na jiƙa shi sosai kafin in taɓa."

Malam ya miƙe zumbur. "Ruwa? Ka zuba wa sarba ruwa?"

"Ban zuba ba, da yatsa na ɗiga. Kuma ai a mace take lokacin."

Na ce, "Malam, zauna. Galurata ta zuba."

Ya koma ya zauna. Sannan ya ce, "Wace galura?"

"Wadda ta ɓata maka riguna."

Na kunna tocila na bi ƙarfen da ke saman ramukan. Ja yana nan, ya ɗiga har ya yi layi. Kore yana nan. Shuɗi ɗan kaɗan, sai na karkata kai nake ganinsa. Na huɗun, ruwan ɗorawa, babu alamarsa ko kaɗan, amma waya ɗaya ta rage, rami ɗaya ya rage, ba sai an tambayi kowa ba. Na soka su ina faɗa da ƙarfi, don Nomau ya ji da kyau: "Ja da ja! Kore da kore!" Ya toshe kunnuwansa.

Malam ya fiddo turnabis daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "Yakubu, karanta mini sunayen ramukan." Yanzu duhu ɗaya ya rage, shi kuwa wannan nasa ne. Ya bi su ɗaya-ɗaya, yana sa ni in zare waya in mayar, Mushe Yakubu yana gaya masa wane suna ne ya mutu wane ya dawo. Da ya gama ya ce a duba ko gida ya ga rumbu. Mushe Yakubu ya daka tsalle ya ce ya gani, ya kai hannu zai tada 'yan hayan duka gaba ɗaya. Malam ya buge masa hannu.

"Kai, haka aka koya maka gaisuwa a Tsibiri? Ka shiga gida ka fara da yara? Mai sunaye tukuna. In bai zauna ba, sauran za su tashi su rasa wanda ya san su."

Aka tada mai sunaye, aka ba shi lokaci ya kintsa. Sannan mai sito. Shi kuma ya ƙi. Malam ya sa aka karanta masa, sai na ga yana murmushi. Ya ce wannan a tsakiyar aiki aka kwantar da shi a kan tsohon faranti, yana so ya ci gaba daga inda ya tsaya, ya farka ya ga ɗakin ba irin wanda ya sani ba ne. Ya tambayi Mushe Yakubu ko akwai abin da ake cikin shigarwa a lokacin wanda ba shi a takarda. Ya ce babu. Malam ya ce, "To a raba shi da mafarkinsa, a tashe shi daga farko." Kada ku taɓa yin wannan ba ku tambayi mai kaya ba. Mai sito ya tashi. Mai saƙo ya biyo baya ko gardama babu. Can sai muka ji wayar wani manomi da ke zaune a inuwar sito ta yi ƙara, ta wani ma ta yi, saƙonnin da suka maƙale suna fita.

Na yi guɗa. A cikin biron mutane, da tsufana, na yi guɗa har ma'aikatan sito suka sheƙo.

Da Alhaji ya iso bayan la'asar, ya tarar ana fitar wa manoma takarda daga inji. Ya tsaya ya duba, ya ce, "Mai Rediyo, ashe da sauranka." Kafin Malam ya buɗe baki Nomau ya matso gaba ya dogara sandarsa.

"Alhaji, a faɗi gaskiya. Ba don ruwana ba, da yanzu ana nan ana kuka."

Malam ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin idonsa ya fara hazo. A mota muna komawa ya ce, "Bagobira, kada ki kuskura ki sayi zaren kanti." Da muka iso gida ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Bai rufe shago ba. Labarin ya zaga, masu aiki suka dawo, wasu ma don su ga tsohuwa mai ƙulli suke zuwa. Duk inda za mu ɗaura zare kuwa, sai Malam ya fara neman mai gadin wurin ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ku ma ku riƙa yi. Na san yanzu hoto kuke ɗauka da waya, ba laifi, ku ɗauka. Amma hoto ba ya gaya maka wace toka ce wace a cikin toka huɗu. Ku sa alama a jikin abin, kuma ku gaya wa mai shara. Nomau kansa bayan kwana biyu sai ga shi a soronmu, wai in ba shi zare ja ya ɗaura wa awakinsa, suna cuɗanya da na maƙwabci. Na ce, "Ba ka tsoro?" Ya ce, "Wanda na roƙa da bakina ba ya kama ni." Ya zama abokin Malam na shayi, kullum ya shigo Maraɗi sai ya biyo, su yi ta musu a kan wanda ya gyara sarbar Jiratawa.

Haka muka ci gaba, shi hannu da kai, ni ido, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ranar da zai tafi, da hantsi ne, ina zaune a bakin gadonsa ina naɗe zaren da na rina, don hannuna ba ya iya zama haka nan. An aiko cewa Nomau yana hanya zai zo dubiya. Malam yana kwance yana kallona. Sai na ga ya miƙo mini ɗan yatsansa. Na ce, "Mi kake so?" Ya nuna zaren da haɓa. Na gutsuro kore na ɗaura masa. Bai janye hannun ba, ya ci gaba da kallona, sai na gane. Waya ba a ɗaura mata ita kaɗai. Na gutsuro wani koren na ɗaura a nawa yatsan. Ya lalubo hannuna ya taɓa ƙullin ya ji ya zauna, ya yi murmushi.

Ya ce, "Yauwa, Shef. Yanzu ko an kwance komai, an san inda za a maida ni. Ki dai ɓoye hannunki, kada Nomau ya gani."